Milimita Huɗu daga Zoben Mémé

Ranar Lahadi ce a farkon Oktoba, kuma tun asuba ake ruwa irin na garinmu Saint-Claude, wanda ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Hazo ya sauko ya rufe duwatsun da suka kewaye garin, har ba a hango babbar gada daga tagar kicin ɗin kakata. Saura kwana shida bikin yayata Clémence.

Mu huɗu ne a kan tebur: kakata Mémé Huguette, Mama, Clémence da ni. Mémé ta miƙa hannu za ta yanki cuku, sai zoben ya suɓuce daga yatsarta, ya gangara ya faɗa kwanon latas.

"Karo na uku ke nan a makon nan," in ji Mama. "Ranar Asabar a coci zai faɗi, mu bi ƙarƙashin benci da rarrafe cikin kayan biki."

"Ku yi rarrafen mana," in ji Mémé. "Ke dai gwiwoyinki na son motsi."

Ta ciro shi ta goge da bakin rigarta. Duk wanda ya san Mémé ya san zoben nan. Dutsen ofal ne a tsakiya, girman ƙwayar wake, fari kamar madara, amma in ka juya shi sai ka ga kore da ja suna motsi a ciki. Ƙananan lu'ulu'u goma sun kewaye shi, irin tsohon yankan da ba ya ƙyalli da ƙarfi, sai dai ya riƙa ƙifta maka ido. Mahaifinta, Léonce Mermet, maƙerin zinare, shi ya ƙera wa mahaifiyarta shi kafin su yi aure. A lokacin yaƙi sojoji suka kwashe mazan gari da shi a ciki, tana da shekara shida, bai dawo ba. Shagonsa da kayan aikinsa duk sun watse. Zoben ne kaɗai aikin hannunsa da ya rage a gidanmu.

Da tsufa ya zo yatsun Mémé suka rame, sai ta naɗe bayan zoben da jan zare don ya kama. Zaren ya yi shekaru, ya sha sabulu da ƙullun fulawa har ya koma baƙi.

"Ki ba Bastien ya kai wurin aikinsu a rage shi," in ji Mama. "Amfanin samun maƙeri a gida ke nan."

Mémé ta dube ni ta saman gilashinta. Fara take ce mini tun ina ƙarami, wato ƙwaron nan mai tsalle-tsalle, saboda ba na zama wuri ɗaya.

"Fara, ba kai zan ba ba. Aike zan yi da kai. Ka kai wa Madam Vuillermoz, ka sa mata a hannunta. Ita ta san zoben nan, ta san inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa."

"Haba Mémé, wa bai san ofal ba? Ba ya son zafi, ba ya son bugu, ba ya son kowa. Halinku ɗaya."

"Ji ɗan banza. Auna yatsar ka tafi."

Na yanko takarda na zagaya yatsarta, na yi alama da biro. Milimita huɗu za a cire. Ta sa zoben a kwalin ashana, ta danna mini shi a tafin hannu, ta riƙe hannun ya ɗan jima kafin ta saki.

Abin da ba su sani ba shi ne, wata uku ke nan rabona da maƙerar Madam Vuillermoz. Na bar makaranta ina da shekara goma sha shida. Na yi gidan burodi, na yi garejin mota, na yi kamfanin roba a Oyonnax, babu inda na cika shekara. Mémé ce ta je da ƙafarta ta roƙi Madam ta ɗauke ni koyon aiki, don sun yi shekara arba'in suna zama benci ɗaya a coci. Wata bakwai na yi. Ba a kore ni ba, ba a zage ni ba. Wata Talata na fita cin abincin rana, rana ta yi kyau, na ji ƙafafuna ba za su koma kan kujerar nan ba. Shi ke nan. Madam ta kira sau biyu ban ɗauka ba. Ba ta kai ƙarata gida ba, ni kuma kullum da safe sai in saɓa jaka in fita kamar mai abin yi.

Ranar Litinin na je har ƙofar shagon. Na tsaya a tsallaken titi cikin ruwa, ina hango ta ta gilashi, ta sunkuya a kan bencinta, farin gashinta a ɗaure, madubin ƙara girma a ido. Taku goma ne tsakaninmu. Na shirya abin da zan ce, na sake shiryawa. Sai ta ɗago kai kamar za ta dubi waje, na tsinci kaina na riga na sha kwana.

A hanya na fara lallashin kaina. Mene ne rage zobe? Na ga an yi ya fi sau ɗari, na yi da hannuna sau shida a zobban aure. A yanke, a matse, a haɗa da wuta, a goge. Akwatin kayan aikina yana garejin Mama: zarto, magagari, ɗan bututun wutar gas, har da ɗan guntun zinaren haɗi da ya rage mini. Abu ɗaya ne abin tsoro, ofal. Akwai ruwa a cikin dutsen, in zafi ya kai gare shi sai ya tsattsage kamar ƙanƙara. Amma na taɓa ganin dabarar tsofaffi a wurin Madam, kuma ita ma a wurin ubanta ta gani.

Ranar Talata da Mama ta tafi aiki na ɗauko dankali babba daga kicin na raba shi biyu.

Da farko na yanke zaren. Ƙarƙashinsa datti ne ya kafe kamar ƙanzo. Na kankare da farce sama-sama, na ga zinaren wurin ya yi ƙananan ramuka da ƙarce-ƙarce. Na ce a raina, madalla, nan ne ma ya fi lalacewa, nan zan cire. Ai dama a nan ake yankan zobe, a ƙasa, daidai bayan dutse, inda ya fi nisa da shi. Haka na koya a sababbin zobba. Madubina na ƙara girma yana cikin akwatin, ban ɗauko shi ba. Duk hankalina yana ɗaya gefen.

Na yi yanka biyu da zarto, ɗan guntun ya faɗo a kan takarda. Na matse bakin biyu suka haɗu har haske ba ya wucewa. Na tura kan zoben cikin ɗanyen dankalin, ofal da lu'ulu'un duka suka nutse, bayan kawai ya rage a waje. Na kunna wuta. Dankali yana shanye zafi, dole ka shiga da ƙarfi ka fita da sauri. Garejin ya cika da ƙaurin dankali. Zinaren haɗin ya yi ja, ya yi sheƙi, ya kwarara cikin tsagar kamar hawaye. Na kashe wuta na zauna a ƙasa, ban taɓa komai ba har ya huce.

Da na zaro shi na kai bakin taga. Ofal lafiya lau. Koren nan da jan nan suna nan suna yawo a ciki.

Ban taɓa jin daɗin kaina kamar ranar ba. Na bi wurin haɗin da magagari, na bi da takardar gugu, na share duk sauran ƙarce-ƙarcen da ke gefe da gefe har wurin ya zama sumul kamar cikin cokali. Gugu shi ne abin da na fi iyawa, don shi na yi wata biyar cikin bakwai.

Saura ɗan guntun da na cire. A maƙera ba a barin zinare ya ɓata, ko ƙurarsa sharewa ake yi a tara. Guntu kuma narkar da shi ake yi ya zama ƙwallo, don ya fi wuyar ɓacewa. Ni kuwa a duk aikin babu abin da nake so kamar wannan, lokacin da zinare yake tattara kansa ya dunƙule yana rawa. Na ɗora shi a kan gawayi na sa masa wuta. Ko minti ɗaya bai yi ba. Na naɗe ƙwallon a takarda, girmansa bai kai ƙwayar barkono ba.

Na jira har Alhamis don kada saurin ya yi yawa. Na tarar da su ukun a kicin, Clémence tana tsaye a kan kujera Mama na kafa mata allurai a bakin rigar aure.

"Kai! Kamar sabo," in ji Clémence. "Mémé, ba ni in ɗana."

"Ki ɗana naki."

Zoben ya shiga yatsar Mémé ya zauna daram. Ta girgiza hannu, bai motsa ba. Mama ta sumbace ni a kumatu biyu. Na ciro takardar na buɗe a gabanta.

"Ga ragowar zinarenki. Ko ƙwaya ba a ci miki ba."

Ta yi dariya. Tana cikin dariyar na ga babban yatsanta ya lanƙwasa ya shiga cikin tafin hannu, ya taɓa bayan zoben. Ya shafa. Ya sake shafawa. Ta juya zoben kaɗan ta shafa, ta juya ɗaya gefen. Dariyar ta tsaya a fuskarta ba ta sauka ba, kamar an manta da ita a wurin.

Ta cire zoben, ta je bakin taga, ta sa gilashinta. Ta daɗe.

"Madam Vuillermoz ce ta yi wannan?"

Da na faɗi gaskiya a nan, da abin ya tsaya a kicin. Amma Mama na kallona da alfahari a idonta, wanda na daɗe ban gani ba.

"Ita ce."

"Da hannunta?"

"Da hannunta."

Mémé ta ɗauki ƙwallon zinaren ta sa a aljihu, ta ciro kwat ɗinta daga jikin ƙofa.

"Ɗauko lema, Fara. Raka ni."

"Ina za ki cikin ruwan nan?" in ji Mama.

"Gaisuwa."

Daga gidanta zuwa titin shagon matakala ce doguwa ta dutse, ruwa na bin ta. Tana da shekara tamanin da 'yan kai, ta kama hannuna muna sauka ɗaya bayan ɗaya. Idonta na kan matakalar. Ni kuma a kowace matakala sai in buɗe baki in rufe. Har lokacin ban san abin da na yi ba. Ina ta tunanin ko wani lu'ulu'u ne ya girgiɗe.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Madam ta ɗago, ta ga Mémé, ta yi murmushi, ta gan ni, murmushin ya ragu.

"Huguette! Da ruwan nan? Zauna."

"Ba zama na zo yi ba, Arlette." Ta ajiye zoben a kan gilashin kanta. "Shekara arba'in. Ke kika gyara mini haƙoran zoben nan masu riƙe dutsen da uwata ta rasu. Ke kika nuna mini shi a madubinki, kika ce ba ki taɓa ganin kifi ƙarami mai kyau haka ba. Kin tsufa ne, ko kin makance, ko kuwa ba ki damu ba?"

Madam ta ɗauki zoben. Ta sa madubi a ido, ta juya zoben, ta bi bayansa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ta cire madubin ta dube ni. Ba harara ba ce. Jira take yi.

Akwai agogo a bangon shagon, na san ƙararsa, wata bakwai na yi ina ƙirga ta. Na tsaya ina jin ta. Mémé ta ci gaba da faɗa wa ƙawarta maganganun da ba a faɗa wa ƙawa. Ta ce gara ta kai wa masu yankan makulli a babban kanti. Ta ce uban Arlette da yana raye da ya ɗauke allon sunansa daga ƙofa. Madam ta tsaya tana shanye zagin, hannayenta biyu a kan kanta, idonta a kaina. Ban san tsawon lokacin ba. Ya dai fi ƙarfin abin da mutumin kirki zai bari.

"Mémé," na ce. "Ban kawo mata shi ba. Ni na yi. A garejin Mama. Tun Yuli ba na zuwa nan."

Mémé ba ta juyo ba. Ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu, ta zauna.

"Zo nan," in ji Madam. Ta jawo wani tsohon zobe daga tire, ta ba ni madubin. "Duba bayansa. Daga waje. Me ka gani?"

Ramuka biyu ne ƙanana, irin waɗanda na gani a ƙarƙashin zaren. A cikin madubi suka zama wani abu dabam. Ɗaya kan mikiya ne, da baki da ido. Ɗaya ɗan zane ne mai kusurwa huɗu, mai tsini sama da ƙasa, da haruffa biyu a ciki.

"Mikiyar ta hukuma ce, ita ke shaida zinaren na gaske ne. Ɗayan na wanda ya ƙera ne. Kowane maƙeri da nasa, babu biyu iri ɗaya a ƙasar nan. Na Léonce Mermet, L ne da M, da kifi a tsakani, don ranar Lahadi ba a ganinsa a coci, yana bakin kogin Bienne da ƙugiya. Tsohon zobe ba a yanka shi a ƙasa sai an duba. A gefe ake yanka, a bar tambarin." Ta miƙo hannu. "Ina guntun da ka cire? In yana nan zan iya mayar da shi."

Mémé ce ta sa hannu a aljihu, ta buɗe takardar a kan kanta. Ƙwallon ya gangara kaɗan ya tsaya.

Madam ta dube shi, ta lumshe ido.

"Wannan kam ni na koya maka," ta ce.

"Ba za a iya sake bugawa ba?" na tambaya. "In aka sami irin ƙarfen..."

"Ƙarfen tambari, in mai shi ya mutu ko ya bar aiki, lalata shi ake yi. Wanda zan sassaƙa yau ba na Léonce ba ne, ƙarya ce. Ƙaryar da aka yi ta isa haka." Ta sake duba zoben. "Da me ka kare ofal ɗin?"

"Dankali."

"Haɗin ya yi kyau. Ba na ganinsa sai na nema." Ta ajiye. "Tambari a wata na takwas nake koyarwa."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Mémé ta yi magana a ƙarshe, ba da ni ba, da kantar. Ta ce ba ta tuna fuskar ubanta sai ta hoto, ba ta tuna muryarsa ko kaɗan. Abu ɗaya take tunawa: ya ɗora ta a cinya, ya kama farcenta ya bi da shi bayan zoben uwarta, ya ce mata ga kifinsa nan yana barci, kada ta tashe shi. Ta ce shekara takwas ke nan zaren ya rufe shi. Ba don faɗuwar zoben ta yarda a rage ba. So take ranar bikin, in an ɗaura auren, ta ji shi a ƙarƙashin yatsanta.

Sannan ta tashi ta kama hannun Madam da hannu biyu.

"Arlette, na zage ki a shagonki."

"Kin yi. Har da ubana."

"Shi ma ki ba shi haƙuri."

"Zan faɗa masa ranar Lahadi a bakin kabarinsa. Jeki gida, ƙafafunki sun jiƙe."

A hanyar komawa ta sake kama hannuna, don matakalar ba ta hawuwa gare ta ita kaɗai. Na ce mata ta yafe mini. Na faɗa sau uku. A na ukun ta tsaya tana haki.

"Bastien, riƙe lemar daidai, ruwa na zuba a wuyana."

Ba ta ce Fara ba. Har yau ba ta sake cewa ba.

Da kaina na faɗa wa Mama a ranar, a gaban Clémence da alluranta. Wannan ba sai na ba da labarinsa ba.

Ranar Asabar ruwa ya ɗauke. Mémé ta sa zoben, kowa ya yaba, dangin ango suka riƙa kama hannunta suna juya shi a rana. Wata gwaggon ango ta ce a gidansu ba a sa ofal ranar aure, wai yana jawo tsiya. Mémé ta ce mata dutsen bai taɓa yi wa kowa komai ba. A coci ina benci na bayanta. Lokacin da Clémence ke amsa alkawarin aure, na ga babban yatsan Mémé ya lanƙwasa ya shiga tafin hannu, ya shafa sau ɗaya, ya dawo. Sai ta ɗora ɗaya hannun a kai ta danne.

Ƙwallon yana cikin kwalin ashana a kan allon kicin ɗinta, kusa da gishiri. Madam ta aiko cewa kujerar tana nan in ina so, amma daga wata na ɗaya zan faro. Na koma ranar Litinin. Yau sati biyar, kuma ba zan yi wa kowa alkawari ba, don na san ƙafafuna.

Ofal bai tsage ba. Lu'ulu'u goma suna nan. Zinare, in aka haɗa da ƙwallon, bai ragu ba sai ƙurar zarto da ta gugu. Abin da ya tafi: kan mikiya ɗaya, harafi biyu, kifi ɗaya, da sunan da kakata take kirana da shi.